Shekarun Ruwan Rijiyoyinmu Nawa? Abin da Mike Edmunds Ya Karanto a Rairayin Yobe da Borno

A garuruwanmu, idan mutum ya ce rijiyar burtsatsensa ta kai mita 300, da alfahari yake faɗa. A ganinmu zurfi shi ne tabbas. Rijiyar gargajiya tana iya ƙafewa da bazara, amma wanda ya kai can ƙasa ya huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ruwa mai zurfi ba ya jin farin shekara ɗaya ko biyu. Sai dai binciken da aka yi a Borno da Yobe ya fito da wani abu da ya kamata ya hana mu barci. Ruwan da ke kusa, cikin rairayi, shi ne damina ke mayarwa. Wanda ke can ƙasa, ƙarƙashin laka mai kauri, ruwan sama ne da ya sauka shekaru wajen 20,000 da suka wuce, kuma abin da aka ɗiba daga cikinsa ba zai dawo ba a zamaninmu, ba kuma a zamanin tattaɓa-kunnenmu ba.

Cikin waɗanda suka tabbatar da wannan, sunan da ya fi fitowa shi ne na Farfesa Mike Edmunds, masanin sinadaran ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗan ƙasar Birtaniya. An haife shi a 1941, ya rasu a 2015. Digirinsa na uku a kan duwatsu ya yi shi, amma da ya shiga hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, wadda aka sani da BGS, a 1966, sai ya koma kan ruwa. Ya yi shekaru 35 a can kafin ya koma Jami'ar Oxford. A Najeriya, babban abokin aikinsa shi ne Farfesa Ibrahim Baba Goni na Jami'ar Maiduguri, a Senegal kuma Cheikh Bécaye Gaye na jami'ar Dakar.

Hamadar Libiya ce ta fara koya masa darasi. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ya yi aiki a yankunan Kufra da Sirte, inda masu neman man fetur suka ci karo da ruwa mai daɗi, mai yawan gaske, a ƙasar da sai a shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Daga ina ruwan ya fito? Sakamakon da ya wallafa a 1979 ya nuna ruwan na wani zamani ne da Sahara take da damina da koguna. Wannan ruwan ne daga baya gwamnatin Gaddafi ta fara aikin janyowa zuwa biranen bakin teku a 1984. Tun daga Libiya, tambayoyi biyu suka zama jigon aikinsa: yaushe ruwan nan ya shiga ƙasa, kuma nawa ne ke shiga a yau?

Yadda gishiri ke ƙirga ruwa

Tambaya ta biyu ta fi wuya fiye da yadda ake zato. A arewacin Yobe ana samun ruwan sama wajen milimita 400 a shekara, alhali zafin rana da iska za su iya ɗauke ninkin hakan sau huɗu ko biyar in da akwai shi. Wanda ya yi lissafin debewa a takarda zai ce babu abin da ke saura. Masana da dama sun daɗe suna ganin haka, cewa a irin wannan ƙasa ruwan sama ba ya ratsawa kai tsaye ya kai ga ruwan rijiya. Lissafin yana da rauni, domin abin da ake nema ƙarami ne ƙwarai, kuma ana neman sa ne ta hanyar debe babban adadi daga wani babban adadin, alhali dukansu biyun ƙiyasi ne. Kuskure kaɗan a ɗayansu ya isa ya haɗiye amsar gaba ɗaya.

Hanyar da Edmunds ya bi ta kauce wa wannan. Ruwan sama ba tsantsar ruwa ba ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da ɗan kuloraid, ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishirin abinci, wanda iska ke kwasowa daga teku da ƙura. Kuloraid yana da halin da ya sa ya zama shaida nagari. Rana ba ta ɗauke shi. Tsirrai ba su cika shan sa ba. Ba ya maƙalewa a jikin rairayi. Duk matar da ta bar miya a kan wuta ta san abin da ke biyo baya: ruwa ya tafi, gishiri ya tsaya, miya ta yi gishiri fiye da yadda aka zuba. Haka ruwan sama yake a cikin ƙasa. Yawancinsa rana da saiwoyi ke ɗauka, ɗan abin da ya tsira ya gangara ƙasa yana ɗauke da dukkan kuloraid ɗin.

A ɗauki misali don a ga lissafin. A ce an yi ruwan milimita 400, kuma kowace lita tana da miligiram 1 na kuloraid. Aka haƙa ƙasa, aka wuce inda saiwoyi ke kaiwa, aka tarar danshin wurin yana da miligiram 20 a lita. Gishirin ya ninku sau 20, ke nan kashi 1 cikin 20 na ruwan ne ya tsira, wato milimita 20. In aka tarar da miligiram 200, milimita 2 kacal suka wuce.

Ba Edmunds ne ya ƙirƙiro dabarar ba. An gwada ta a Isra'ila a 1969, masanan Ostireliya kuma suka yi amfani da ita a shekarun 1970. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke ta ya kai inda ake tsananin buƙatarta, ya gwada ta a tsibirin Kubrus, da Sudan, da Senegal, da Najeriya, har hamadar Badain Jaran ta ƙasar Sin, ya nuna inda take aiki da inda take gazawa. A ganina, babban alherinta shi ne arha. Abin da take buƙata ƙarfen haƙa ne na hannu, da kwalaben ajiye rairayi, da ma'aunin ruwan sama, da ɗakin gwajin da zai iya auna kuloraid. Ba sai an jira jirgi ya kawo na'urar miliyoyi ba.

Akwai kuma wani abu da ni dai har yanzu yake ba ni mamaki. Danshin da ya tsira ba ya faɗawa ƙasa a lokaci ɗaya. Na bana yana tura na bara, na bara yana tura na bara waccan, a hankali. Idan milimita 20 ke shiga a shekara, kuma danshin rairayin kashi 4 cikin 100 ne, tafiyar rabin mita ce a shekara. Ramin mita 20 yana riƙe da damina 40 a jere. Shekarun fari sukan bar danshi mai yawan gishiri, shekarun wadata su bar mai ƙaranci. Saboda haka wanda ya haƙa yana ɗibar rairayi taki-taki, tarihin damina yake karantawa daga bana zuwa baya. A yankin Louga na arewacin Senegal, Edmunds da Gaye sun samu ramukan da suka riƙe tarihin kusan ƙarni guda, kuma farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya fito a cikinsu ƙarara.

Mai shakka zai ce ta yaya aka san lissafin shekarun daidai ne. Gwajin makaman nukiliya da manyan ƙasashe suka riƙa yi a sararin sama ya cika ruwan saman duniya da wani sinadari mai suna tiritiyam, wanda ya kai ƙololuwa a 1963. Ruwan wannan shekarar yana da tambarin da babu irinsa. A rairayin Senegal an gano zurfin da ya kai, aka kwatanta da abin da kuloraid ya faɗa, hanyoyin biyu suka zo kusa da juna.

Abin da aka samu a ƙasar Manga

A Najeriya an yi aikin ne a shekarun 1990, a tuddan rairayin ƙasar Manga da ke arewacin Yobe, kusa da iyakar Nijar. Duk wanda ya san yankin Yusufari ya san dausayoyin da ke kwance tsakanin tuddai, da dabino da goruba, da tafkunan da ake ɗibar kanwa. Ita kanta kanwar shaida ce ta abin da muke magana a kai. Ruwan ƙasa mai daɗi ne ke tsattsafowa cikin kwarin, rana ta ƙafar da shi shekara da shekaru, gishirin ya taru har ya zama abin lodawa a kai kasuwa. Taki kaɗan daga bakin tafkin kanwa sai ka samu rijiya mai ruwan sha garau.

Edmunds da Goni da abokan aikinsu sun yi shekaru 8 suna tara ruwan sama a tashoshi 3 suna auna sinadaransa. Suka haƙa ramuka a rairayi, suka kuma ɗebi ruwa daga rijiyoyi 360 a faɗin murabba'in kilomita 18,000. Sakamakon da suka wallafa a 2002 ya ce ramukan sun nuna milimita 14 zuwa 49 na shiga ƙasa a shekara, rijiyoyin kuma sun ba da matsakaicin milimita 43 a yankin baki ɗaya. Tarihin da ke cikin rairayin ya kai shekaru 80, kuma ya yi daidai gwargwado da bayanan ruwan saman da aka ajiye a Maiduguri, musamman farin shekarun 1970 da 1980.

Wannan albishir ne. Wani nazari na 2006, wanda Edmunds na cikin marubutansa, ya tattara ƙiyasi daga busassun yankunan duniya ya ga abin da ke shiga ƙasa yakan kasance kashi 0.1 zuwa 5 cikin 100 na ruwan sama. Rairayin Manga yana shigar da kusan kashi 10. Dalili kuwa, rairayi ba ya riƙe ruwa a sama. Idan aka yi mamako, ruwan yakan nutse da sauri ya wuce inda rana da saiwar ciyawa za su kamo shi. Ƙasar da ido ke gani kamar ba ta da komai ta fi ƙasar laka ajiyar ruwa.

Amma a fassara adadin zuwa abin da ya shafi rayuwa. Milimita 43 a murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan 43 ce. Idan mutum yana amfani da lita 20 a rana, ta ishi mutum kusan 5,900. Don sha da girki da shayar da dabbobi, ruwan ya wadatar har da rara. Noman rani kuwa wata magana ce. Gonar alkama ko shinkafa tana shan aƙalla milimita 500 kafin a girbe, sau da yawa fiye da haka. Hekta ɗaya ta noman rani tana cinye abin da damina ta ajiye a ƙarƙashin hekta 12. Lambu nan da can ba zai yi komai ba. Amma duk wanda ya zo da shirin mayar da dubban hekta gonakin rani da ruwan rijiya kaɗai, a tambaye shi ko ya yi wannan lissafin.

Inda dabarar ke tuntuɓe

Abin da ya ƙara mini yarda da wannan aiki shi ne masu shi ba su ɓoye rauninsa ba. Dukkan lissafin ya rataya ne a kan sanin yawan kuloraid ɗin da ke sauka daga sama, kuma a ƙasarmu wannan ba shi da sauƙi, saboda ƙurar hunturu tana kawo nata gishirin, wani ya zauna, wani iska ta sake kwashewa. Matsakaicin da suka auna a ruwan sama miligiram 1.77 ne a lita, amma da suka gwada da tarihin damina, adadin da ya fi dacewa 0.65 ne. Tazarar ta kusa ninki uku, kuma sun rubuta ta a fili. Saboda haka milimita 43 ba aya ba ce. Abin da ya tabbata shi ne ruwa yana shiga, kuma gwargwadonsa gomman milimita ne, ba sifili ba, ba kuma ɗaruruwa ba.

Dabarar ba ta aiki a cikin gari, inda masai da kwata da shara ke zuba nasu gishirin. Ba ta da ƙarfi a ƙasar dutse irin ta Kano da Zariya, inda ruwa ke bin tsagar dutse maimakon ya sauka a jere. A Abu Delaig, gabas da Khartum, ta nuna abin da ke ratsawa kai tsaye bai wuce milimita 1 ko makamancin haka ba, ruwan da mutane ke sha daga ambaliyar kwaruruka yake shiga. Wannan darasi ne ga masu zaune a bakin kogin Haɗeja da Komadugu Yobe, inda ambaliyar fadama ke ciyar da rijiyoyi, kuma madatsun Tiga da Challawa suka rage ta.

A kudu maso yammacin Nijar ma an ga wani abin da ya saɓa hankali. Masu binciken Faransa da Nijar sun nuna ruwan ƙasa a kewayen Yamai ya ɗago da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha. Sare daji don noma ya sa ruwa ya riƙa gudu a doron ƙasa yana taruwa a tafkuna, daga nan ya nutse. Idan amfani da ƙasa ya canza, lissafin shekarun baya ba ya zama na gobe.

Ruwan can ƙasa

Ƙarƙashin Borno da gabashin Yobe akwai shimfiɗu uku na rairayi masu riƙe ruwa. Na sama yana cikin mita 100 na farko, shi rijiyoyin gargajiya ke kaiwa. Na tsakiya yana wajen mita 300 ko fiye, na ƙasa kuma ya wuce mita 500. Tsakanin na sama da na tsakiya akwai laka mai kaurin gaske da ta danne ruwan. Shi ya sa da aka fara huda ta a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960, ruwa ya riƙa tunkuɗowa da kansa, da ɗuminsa, ba injin ba famfo. An haƙa ɗaruruwan irin waɗannan rijiyoyi. Ga makiyayi da ya saba jan guga daga rijiya mai gaba da yawa, wannan rahama ce da ba ta misaltuwa, kuma babu mai hankalin da zai zargi waɗanda suka yi murna da ita.

Jama'a da dama sun ɗauka Tafkin Chadi ne ke ciyar da wannan ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Sinadarai sun ce a'a. Ƙwayoyin ruwa suna da masu nauyi da marasa nauyi, kuma rana ta fi saurin ɗaukar marasa nauyin. Ruwan tafki da ya daɗe a rana yakan cika da masu nauyi. Ruwan shimfiɗar tsakiya akasin haka yake, ya ma fi ruwan saman yau rashin nauyi. Bai fito daga tafkin ba, bai kuma fito daga daminar zamaninmu ba.

Shekarunsa kuma kabon-14 ne ya faɗa. Wannan sinadari yana shiga ruwa lokacin da yake ratsa ƙasar sama, daga nan ya fara raguwa, rabinsa na ɓacewa duk shekara 5,730. Abin da ya rage a ruwan shi ke nuna tsawon zamansa a rufe. Binciken da Edmunds da Goni da abokiyar aikinsu suka fitar a 1999 ya sa shekarun ruwan tsakanin kimanin 18,600 da 24,000. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, wanda ake ƙirgawa cikin mafi tsufa a duniya, shekarunsa wajen 8,000 ne. Ruwan da ake wanke mota da shi a wasu unguwannin Maiduguri ya ninka shi tsufa fiye da sau biyu.

Sun auna har da yanayin ranar da ruwan ya sauka. Akwai wasu nau'o'in iska da ba sa haɗuwa da komai, irin su niyon da agon da zenon, kuma ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi narkar da su. Da zarar ruwa ya shige ƙarƙashin laka, abin da ya ɗauka ya zauna ke nan. Gwajin ya nuna ƙasar Borno ta wancan lokaci ta fi ta yau sanyi da aƙalla digiri 6. Masu nazarin sauyin yanayi sun daraja wannan adadi, domin an daɗe ana gardama ko ƙasashe masu zafi sun yi sanyi sosai a zamanin ƙanƙara na ƙarshe.

Mu kuma abin da ya shafe mu ya fi haka zafi. Da yawa daga rijiyoyin nan an bar su a buɗe, suna kwarara dare da rana shekara da shekaru, suna yin kududdufi rana tana shanyewa. Ƙarfin tunkuɗowar ya yi ta raguwa, wasu suka koma tsiyaya, wasu suka tsaya cik sai da injin. Tsohon ruwan yana da yawa, ba gobe zai ƙare ba. Amma kowace mita da ya sauka tana nufin ƙarin kuɗin haƙa da na janyowa, kuma talaka ne ke fara faɗuwa a wannan tsere. Irin wannan tsohon ruwa yana nan a shimfiɗu masu zurfi na yankin Sakkwato, cikin babban kwarin da Najeriya ke tarayya da Nijar da Mali.

A 2012 masanan BGS suka fitar da taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka, suka ƙiyasta shi da kubik kilomita miliyan 0.66, fiye da ninki 100 na ruwan da nahiyar ke samu sabo a shekara. Kafafen labarai suka ɗauka da cewa Afirka tana zaune a kan teku. Su masu taswirar sun yi gargaɗi, Edmunds kuma ya rubuta sharhi a mujallar da ta buga ta, yana jan hankali cewa mafi yawan wannan ajiya tana ƙarƙashin Sahara, tsohon ruwa ne da ba ya sabuntuwa, kuma abin da ya kamata a gina shiri a kai shi ne abin da ke shiga duk shekara. Ina ganin wannan ɗan sharhi yana cikin ayyukansa mafi amfani, duk da bai kai labarin tekun yaɗuwa ba.

Ruwa ba ya tsami banza

Ɗaya ɓangaren aikinsa shi ne ingancin ruwa. Tun a 1973, a duwatsun farar ƙasa na gabashin Ingila, ya nuna yadda ruwa ke canza hali yayin da yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa: akwai iyakar da iskar oksijin ke ƙarewa, daga nan naitiret, wani sinadari irin wanda ke cikin taki, ya ɓace, ƙarfe ya fara narkewa. Daga baya ya jagoranci wani aiki na ƙasashen Turai kan gano asalin halin kowane ruwa kafin hannun mutum ya taɓa shi. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ba za ka ce an gurɓata ruwa ba sai ka san yadda Allah Ya halicce shi a wurin.

Sahel ta ba da misali. A 1997 shi da Gaye suka nuna akwai naitiret mai yawa a ruwan wasu wurare da babu taki, babu masai, babu gari kusa. Tsirrai ne masu kama naitirojin daga iska, dangin gawo da bagaruwa, suka tara shi a ƙasa, kuma da yake ruwan rairayi yana da oksijin, babu abin da ke rusa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita, saboda haɗarinsa ga jarirai. Abin da ya fito daga halitta ma yana iya cutarwa.

Filoraid, wani sinadari da ke narkewa daga dutse ya shiga ruwa, ya fi muni, kuma Edmunds ya yi rubutu mai yawa a kansa tare da abokiyar aikinsa Pauline Smedley. Ruwan da ya daɗe yana jiƙa dutse, mai ɗumi, mai ƙarancin kalsiyam, shi ya fi tara filoraid. Wato sau da yawa tsohon ruwa mai zurfi, wanda muke ɗauka mafi tsafta. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Iyakarsa miligiram 1.5 ce a lita. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, gari ya yi ta sha fiye da shekara 10, alhali filoraid ɗinta ya ninka iyakar sau uku ko fiye. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe. Waɗannan yaran yanzu magidanta ne da iyayen 'ya'ya, kuma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an canza rijiya. Ana fama da filoraid a Langtang ta Filato, da Kaltungo ta Gombe, da Bongo ta arewacin Gana. Gwajin da zai tona shi bai kai kuɗin bututu ɗaya na rijiyar ba.

To ina tasirin ya kai?

A wajen masana, ya kai nesa. Ya karɓi lambar Meinzer a 2009 da ta Vernadsky a 2010, manyan lambobi a fagensa. Lissafin kuloraid ya zama abin da ɗalibin ilimin ruwa ke koya a ko'ina. Da aka zana taswirar yawan ruwan da ke shiga ƙasa a Afirka a 2021, daga ƙiyasi 134 da aka yi a fili, kaso mai tsoka da wannan hanya aka samo shi, kuma Farfesa Goni yana cikin marubutan. Wannan ya fi mini lambobin daraja: ilimin bai koma Ingila a jaka ba, ya zauna a Maiduguri da Dakar a hannun mutanen da za su ci gaba da shi.

A wajen mai haƙa rijiya da mai ba shi kwangila kuwa, ban ga alamar ya iso ba. Har yau abin da ake tambaya shi ne mita nawa aka yi, kuma ruwan yana da ƙarfi. Ba a tambayar wace shimfiɗa aka huda, ba a cika gwada filoraid kafin a ɗaura famfo ba, kuma rijiyoyin da aka keɓe don auna hawa da saukar ruwa ba su taka kara sun karya ba. Laifin ba na masu bincike kaɗai ba ne, ko da yake sakamakon da aka rubuta da Turanci a mujallun da ake saya da tsada ba zai kai kansa ofishin ƙaramar hukuma ba.

Lamarin ya ƙara gaggawa saboda sola. Injin fetur yana da abin da ke taka masa birki, wato tsadar mai: manomi yana kashe shi da zarar gona ta sha. Famfon sola kuwa, in rana ta fito sai ya yi ta zuba, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Alheri ne babba ga ƙauyen da ba shi da wuta, kuma ina goyon bayansa, amma ya kamata kowace hukumar ruwa ta jiha ta san abu uku game da duk rijiyar da ta amince a haƙa: shimfiɗar da take sha, abin da ke cikin ruwan, da yadda zurfinsa ke canzawa daga rani zuwa rani. Noman rani a dogara da ruwan shimfiɗar sama da na fadama gwargwadon abin da damina ke mayarwa, tsohon ruwan a bar shi don sha da kuma shekarun fari. Auna kuloraid aiki ne da ɗaliban jami'o'in Maiduguri da Damaturu da Sakkwato da Damagaram za su iya yi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, in an ba su kuɗin mota da kwalabe. Rijiyoyin da har yanzu ke kwarara a buɗe kuwa, a sa musu makunni da kwamin shayar da dabbobi tun yanzu, wannan ba ya jiran wani sabon bincike.